Ganguna Shida a Bayan Sabulu

Na ga saƙonninku. Wata ta rubuto tana tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba, shi ya sa na yi shiru kwana biyar. Ku kwantar da hankalinku, ba a ɗaura komai ba. Abin da aka so a rataya mini a wuya ya wuce aure, har da laifin wani.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Ralitsa, shekarata ashirin da bakwai, tirela nake ja daga garin Devnya zuwa duk inda takardar kaya ta ce. Babana Stamen ne ya koya mini tuƙi, sunansa ne kuma a kan ɗan kamfaninmu, amma tun da ciwon baya ya sauke shi daga sitiyari ni nake kan hanya. Ni nake kawo abin da ake ci a gidan, ni ake yi wa gorin rashin miji a kan teburin da ake cinsa.

Sai kuma Momchil. Shi ne ɗan tsoho Paunov mai babban siton sabulu da sinadarai a bakin gari, inda muke samun mafi yawan lodinmu. Wata takwas ke nan yana zuwa gidanmu da furanni da fararen takalman da ba su taɓa sanin taɓo ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, yana da kyau, kuma ya iya sa mutum dariya. Akwai ranakun da nake buɗe waya don kawai in ga ko ya rubuto. Mama kuwa ta riga ta zaɓi labulen gidanmu a ranta.

Ranar Alhamis da safe na isa sitonsu na tarar an gama lodi tun jiya, an ja tamfol, an buga hatimi. Takarda ta ce sabulun ruwa ne, za a kai garin Ruse. Allunana masu ruwan lemo, na gaba da na baya, a buɗe suke, don kayan da na sauke kafin nan fenti ne. Dokar allon nan ba ta da wuya: in kana ɗauke da kaya masu haɗari ka buɗe shi kowa ya gani, in babu ka naɗe shi. Ka buɗe babu komai, laifi ne. Ka naɗe da abu a ciki, wannan ya fi laifi.

Ban ga lodin da idona ba, don haka na rubuta wa Momchil a manhajar Viber:

"Akwai wani abu mai haɗari a ciki? Allona a buɗe yake."

Ko minti ɗaya ba a yi ba saƙon murya ya shigo, da muryar nan tasa ta wanda bai gama farkawa ba.

"Haba direbata, sabulu ne zalla, ko jariri sai a yi masa wanka da shi. Naɗe allonki ki kama hanya. Ranar Lahadi ki sa koriyar rigar nan, ina da magana."

Na yi murmushi kamar sakarya. Na naɗe allo, na sayi banitsa mai zafi, wato gurasa mai cuku, da ayran, wato tsinkakken kindirmo, a wurin matar bakin ƙofa, na kama hanya ina ci ina bin waƙar rediyo.

Dab da garin Shumen jami'an binciken motoci suka ɗaga mini sanda. Ban ji ko ɗar ba. Na sauko da takarduna a jere, har ina gaishe su da fara'a. Sufeton dattijo ne mai furfurar gashin baki, irin waɗanda suka gaji da jin ƙarya. Ya duba lasisi, ya duba na'urar lokacin tuƙi, ya fara zagaya motar a hankali. Da ya zo gaban tirelar, kusa da kan mota, sai ya tsaya. Ya durƙusa.

"Zo nan, 'yata. Sabulunku yana cin ƙarfe?"

Na leƙa. Wani ruwa yana ɗiga ta ƙasan tamfol, inda ya bi fentin ya kumbura ya yi fari, har wani ɗan hayaƙi yana tashi. Warin ya daki hancina sai da idona ya kawo ruwa.

Suka yanke hatimi, suka ja tamfol. A bayan kwalayen sabulu, can gaba inda ba mai gani in ya buɗe ƙofar baya, ga ganguna shida shuɗɗa. Kowacce da tambarin nan fari da baƙi mai hoton hannu ruwa yana cinsa. Asid. Ɗaya murfinta ya sassauta.

"Kin san da su?"

"Da na sani zan sauko ina maka murmushi?"

Ya sa abokin aikinsa ya tare gefen hanya ya kira masu kwashewa, shi kuma ya buɗe littafinsa a kan murfin motarsu ya fara rubutu.

"In da kin kife a gangaren can," in ji shi, bai ɗago ba, "'yan kwana-kwana za su duba su ga allo a naɗe, su ga sabulu a takarda, su shiga ciro ki da hannu. Kin gane abin da nake rubutawa?"

"Na gane. Amma ba ni na loda ba."

"Ke kike kan sitiyari. Sunanki zan fara rubutawa, sauran sai a bi su in akwai hujja."

Kaya masu haɗari, allo a naɗe, babu takardarsu. Ya karanta mini, ya ce lasisina na ɗaukar irin waɗannan kaya zai iya tafiya. Lasisin da na yi makonni ina karatu a kansa, ni kaɗai mace a aji, maza suna ce mini in kawo musu kofi. Ya nuna mini wani layi a ƙasan takardar.

"Yawancinsu a nan suke rubuta ba su da ja, su sa hannu su tafi."

Na karɓi biro. Na danna sosai har ya fito a kwafi na uku: Ina da ja.

Gashin bakinsa ya ɗan motsa. "Kwana bakwai gare ki, ki kawo a rubuce."

Suka riƙe tirelar a wani fili, na dawo gida da kan mota kawai.

Labari ya riga ni isowa. Na tarar da Mama da Goggo Tsonka, yayar Baba, a tsakar gida suna gasa jan tattasai na lyutenitsa, miyar da muke adanawa a kwalba don lokacin sanyi, hayaƙi ya cika ƙarƙashin rumfar inabi. Goggo tana zaune a kan kujerar roba da ɗankwalinta mai furanni, yatsunta sun yi baƙi da ɓawon tattasai. Ko sannu da zuwa ban samu ba.

"Me kika rubuta wa mutane?" in ji Mama.

"Gaskiya."

"Gaskiya!" Goggo ta yarfe hannu. "Ji mini yarinya. Gaskiya ce za ta ba ku lodi in sanyi ya shigo? Tsoho Paunov da kansa ya kira ubanki."

"Goggo, asid suka saka mini a bayan kai."

"To kin mutu? Ga ki nan kina mana baki. Kuskure ne na ma'aikata, ana yi. Wadda za ta shiga gida ba ta fara da jifan tagarsa."

"Wa ya ce zan shiga?"

Mama ta ajiye wuƙa. "Ralitsa, ki ji tsoron Allah. 'Yar Penka da kuka yi makaranta tare 'ya'yanta biyu. Ke kullum sai warin man dizal, farce duk baƙi. Yaro ɗan gidan mutunci ya ce yana so a haka, za ki kai ubansa ƙara?"

Na waiga ina neman Baba. Yana can bakin gareji yana goge wata sufana da ba ta da datti. Bai dube ni ba. A lokacin na ɗauka bayansa ne yake ciwo.

Wayata kuwa ba ta huta ba.

"Direbata, na ji abin da ya faru. Kina lafiya?"

"Kar ki yi magana da kowa tukuna."

"Wai kin rubuta kina da ja? Hahaha, ke dai ba kya canzawa."

"Rali, ɗauki waya mana."

"Lahadi za mu gyara komai. Koriyar riga."

Ban amsa ko ɗaya ba. Abin da na yi shi ne na tura saƙon muryar nan zuwa imel ɗina, na kuma tura wa wata ƙawata direba a garin Burgas, na ce ta ajiye mini. Ku ce mini mai mugun zato, na yarda.

Ranar Lahadi Mama ta tashi da aikin da ba ta yi ko a bikin Ista. Ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai ɗinkin hannu da ke ɓoye tun aurenta, ta fito da kofunan gilashin da ba a taɓa barinmu mu sha ruwa da su ba. Gasasshen naman rago, salak da farin cuku a kai, rakiya, wato barasar inabi ta Baba, a kwalba mai dogon wuya. Ta goge koriyar rigar da kanta ta rataye mini a ƙofar ɗaki.

Na sauko da wandon aikina da rigar da ke da tambarin kamfaninmu a ƙirji, na ɗaure gashina da roba.

Goggo ta yi alamar gicciye. Mama ta buɗe baki, ƙararrawar ƙofa ta rufe mata shi.

Ya shigo da farar riga an naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, agogo yana walƙiya, ƙamshinsa ya danne na naman. Ya sumbaci hannun Goggo har ta yi ƙyalƙyala kamar budurwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya.

"Ko a haka ma kin yi, direbata."

Aka ci abinci. Ya yabi naman, ya yabi rakiya, ya ba da labarin da ya sa Mama dariya har da hawaye. Sai da aka kawo kofi ya ciro abu biyu ya ajiye a gabana: ɗan ƙaramin akwatin zobe mai jan karammiski, da jakar takarda ta roba.

"Wanne zan fara buɗewa?" na tambaya.

"Wannan ba komai ba ne, sa hannu kawai. Lauyanmu ya rubuta. Mu gama da shi mu yi maganar da ta kawo ni."

Na karanta a bayyane, don kowa ya ji. Wai ni Ralitsa ina wurin aka yi lodi, na ga gangunan, an ba ni takardarsu na bar ta a ofis, na kuma manta ban buɗe allo ba. Wai na janye jan da na yi.

"Tarar mu za mu biya, ko tunaninta kar ki yi," in ji shi.

"Lasisina fa?"

Ya ɗaga kafaɗa, yana murmushi, yana kallon Mama. "Bayan biki me za ki yi da shi? Matata ba za ta kwana a tashar manyan motoci ba."

"Ka ji magana," in ji Goggo. "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Wallahi da ya yi shiru a nan, ban san abin da zan yi ba. Wata takwas yana ce mini direbata, ashe a ransa yana ƙirga ranar da zai sauke ni. Na ciro waya, na ajiye ta tsakanin kofunan gilashin Mama, na ƙure murya.

"Haba direbata, sabulu ne zalla, ko jariri sai a yi masa wanka da shi. Naɗe allonki..."

Goggo ta ajiye kofinta a kan tebur.

"Ka ga jaririn da za a yi wa wanka da shi?" na ce. "Ka je Shumen ka ga abin da ya yi wa ƙarfe."

Murmushin ya sauka daga fuskarsa, kuma na rantse muku wannan ce ranar farko da na ga ainihin fuskar. Bai ɗaga murya ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ciro wata takarda a ninke, ya shimfiɗa ta da tafin hannu.

"Ban so a kai nan ba. Wannan takardar karɓar kaya ce ta ranar Laraba. Karanta layi na ƙarshe. Ki kuma duba wanda ya sa hannu."

Ganguna shida, asid. A ƙasa, sa hannun da na sani tun ina kai takardar sakamakon makaranta gida, mai doguwar jela a ƙarshe. Na Baba.

"Ki kai saƙonki," in ji Momchil, "ni kuma in kai wannan. Ke lasisi za ki rasa. Shi kamfanin ne gaba ɗaya, in ma abin ya tsaya a nan. Ki yi tunani zuwa gobe." Ya miƙe, ya gyara agogo. "Mama, abinci ya yi daɗi."

Ya ɗauke takardarsa. Zoben da jakar ya bar su a kan tebur.

Mama ta fashe da kuka, Goggo ta fara wata magana a kan 'ya'yan zamani, ni ban tsaya ji ba. Baba ya riga ya fice. Na same shi a ƙarƙashin rumfar inabi, yana zaune a kan tsohuwar taya, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Ka sani."

Bai musa ba.

"Paunov ya ce shida ne kawai, an ɗaure su da kyau, Ruse ba nisa. Ya ce in aka yi musu takarda sai an canza hanya, sai an ƙara kuɗin mota, mai kayan kuma yana sauri. Ya ce in ba mu ɗauka ba akwai goma a layi." Ya goge fuska. "Na ce zan gaya miki da safe. Na ji kin tashi, na ji kin tayar da mota. Ina kwance idona biyu."

"Me ya hana ka?"

"Na san za ki ƙi."

"Ashe ka san ni."

"Na san ki."

"Kai ka koya mini, Baba. Ina 'yar shekara goma sha biyu ka mare ni a hannu don na yi wasa da allon motarka. Yau kai ka bar ni na yi awa biyu da asid a bayan kaina, ina cin banitsa ina waƙa."

Kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko ranar da aka binne kakata. Kuna jira in ce na rungume shi, ko? Ban yi ba. Zuciyata ta so, ƙafafuna suka ƙi.

"Gobe zan je Shumen," na ce. "Zan ba su saƙon, zan faɗi abin da na sani. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. In sun tambaye ni wa ya karɓi kayan, ba zan yi ƙarya ba. Ban sa hannu a ƙaryar Momchil ba, ba zan ƙirƙiro tawa ba."

Ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa. Na koma ciki, na ɗauki zoben da jakar na zuba su a ledar burodi, na rataye a hannun ƙofar waje.

Litinin da safe na sauko da takardar jan da na rubuta, shafi biyu. Mama tana tsaye a kan matakala da rigar barcinta da suwaita a kai, idanunta sun kumbura.

"In kika fita ƙofar nan da takardar nan, kin kashe ubanki."

"Ba ni na sa hannu ranar Laraba ba, Mama."

"Don Allah, 'yata. Ki bari ko zuwa jibi, a zauna a yi magana."

Na sumbaci goshinta na wuce. Da kan motar zan tafi, don in an saki tirelar in jawo ta. Na kama ƙarfe na hau, na buɗe ƙofa, sai na ga mutum a kujerar gefe.

Baba ne. Ya yi aski, ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki da jana'iza, wadda ta yi masa yawa tun da ya rame. Yadda ya hau matakan nan uku da wannan bayan nasa, shi da Allah suka sani. A kan cinyarsa akwai wata takarda ruwan hoda, kwafinsa na takardar ranar Laraba.

"Baba, ina za ka?"

"Ba Momchil ne zai kai musu sa hannuna ba. Ni na sa, ni zan kai." Ya kalli gaba. "Kuma akwai wasu lodin kafin wannan, tun ina tuƙi. Na san ranakun. Tayar da mota, kar in canza ra'ayi."

Na murɗa makulli, injin ya ɗauka, na jira iskar birki ta cika. Na danna abin buɗe ƙofar gida, ƙyauren ƙarfe ya fara zamewa gefe a hankali.

Baƙar motar Momchil ce ta bayyana a bayansa, an gitta ta a bakin ƙofa, ta toshe hanya daga gefe zuwa gefe. Yana jingine a jikinta, ledar burodin a hannunsa, waya a ɗaya hannun. Tawa ta yi ƙara, saƙonsa ne.

"Sauko mu yi magana kamar manya. Ba inda za ki."

Na zuge gilashi na leƙo.

"Momchil! Janye motarka."

"In na ƙi fa?"

"Kai ɗan sito ne, ka fi ni sanin nauyin abin da nake ciki."

Ya yi dariya, amma ya daina jingina. Maƙwabta sun fara leƙowa ta tagogi, Mama tana kiran sunana daga matakala, Goggo da ta kwana a gidanmu ta fito da buroshi a baki. Na ja igiyar ham sai da tantabarun unguwar suka tashi gaba ɗaya. Na sa giya.

Baba ya ɗaga hannu ya kama mariƙin da ke saman ƙofa, ya gyara zama.

"Ki kula da ƙyauren, 'yata, ni na yi waldarsa," in ji shi. "Motar kuwa ba tawa ba ce."

Na saki birki, na nufi baƙar motar.